Tabarmar da Yaya Vasemaca ta Ajiye wa Kabarinta

Yayata Vasemaca ba ta san zama ba. Tun muna 'yan mata a ƙauyenmu na tsibirin Kadavu, kafin a buga gangar addu'ar safe ta riga ta share majami'a, ta ɗora tukunyar rogo don gidan da ake jinya. Ko wa'azi ake yi ƙafarta na rawa, idonta na kan tabarmar da ta fara zarewa a gaban bagadi. In ka ce ta huta, sai ta ce bakinta bai iya addu'a ba, hannunta ne ke yi mata.

Aikinta saƙar tabarma da ganyen voivoi, wani ganye mai kama da kaba, amma ko ɗaya ba ta taɓa sayarwa ba. Biki ne, baftisma ce, rasuwa ce, tata ce ke fara fita. Ni kam abin na ƙona min rai, don a gidanta kan tsumma muke zama.

Da ciwon gaɓoɓi ya fara lanƙwasa mata yatsu, ta shekara tana fama da ta ƙarshe, mai gezar ulu ja, ta naɗe ta ɗora a kan azara. Ita za a shimfiɗa mata a kabari. A wajenmu a kwantar da mutum ba tabarma, kunya ce ta dangi duka.

Sai wani baƙon tsoho mai gyaran injin kwalekwale ya yanke jiki ya mutu a bakin ruwa. Ba wanda ya san danginsa. Fasto ya nemi tabarma, 'yan zumuntar mata muka sunkuyar da kai, kowacce ta ce tata ta yi mata alkawarin biki. Na waiga babu Yaya. Can na same ta a gida, tsaye kan kujera tana zungurar azara da sanda.

"Yaya, in kika ba da wannan, a kan me za mu kwantar da ke?"

"Na ce miki na mutu ne? Riƙe min kujerar nan, sarkin surutu."

Na riƙe, ina hawaye don haushi.

Kunya ta kama zumunta, muka yanke za mu riƙa haɗuwa kowace Alhamis mu saƙa mata wata. Kuskurenmu ɗaya, a barandarta muka zauna yi. Matar da ba ta iya karɓar ko kofin shayi! Ta ce gefen ya karkace, a warware. Ta ce hannun Unaisi, ɗaya daga cikinmu, kamar na mai ɗaure itace. In mun fara kama hanya, sai ta tuna rufin wata tsohuwa na yoyo, ta kore mu can. Wata takwas muna wannan kai-da-kawo, ga tari ya kama ta yana ƙaruwa, ni barci ya ƙaurace min, tabarma ko rabi ba ta wuce ba.

Haka ta tafi ta bar ta.

Ranar jana'iza kwalekwale suka yi ta sauka daga ƙauyuka uku, tabarmi suka taru har bakin taga. Ina buɗewa na gane saƙar. Rabinsu nata ne, waɗanda ta rabar tun shekaru, sun dawo gida. Mata suka ce in zaɓi mafi kyau.

Na shiga baranda na ɗauko rabin tamu, karkatacciya, bakinta duk a sake. Duk tulin nan, ita kaɗai aka saƙa dominta. Ita na shimfiɗa mata a ƙasa, ba ta ko kai ƙafarta ba.