Galan a Kan Gwiwata

Sanyi na fara ji a cinyata ta dama, mun ɗan wuce Jega. Warin fetur bai gaya mini komai ba, don tun daga garejin bakanike a Jega ya cika gaban motar. Na sunkuyar da kai na duba, sai na ga zanina ya yi duhu daga cinya har ƙasa, abin kuma yana bin ƙafata zuwa cikin takalmi.

Motar ta Babanmu ce, tsohuwar a-kori-kura, ta girme ni. Yayana ke tuƙa ta. Ranar mun ɗauko albasa daga Aliero za mu kai gida Maiyama, ni kuma na biyo shi ne daga wajen gwaggona. Baba yana da ƙa'idarsa a kan gyara: abin da ya hana mota tafiya a gyara shi yau, abin da bai hana ba ya jira a sayar da albasa. Kuma ba ya lissafin gyara da naira, da buhu yake yi. Taya buhu ne da wani abu. Lagireto mai yoyo ba ya cin ko kwano, tunda akwai jarkar ruwa a baya. Makullin tayarwa ya lalace tun ina aji uku, aka ce rabin buhu, Baba ya ce a jira. Daga nan Yaya ya koma haɗa wayoyi biyu a ƙarƙashin sitiyari, su yi tartsatsi, injin ya kama. Hannun ƙofar fasinja ma ya karye ta ciki, sai ka zura hannu ta taga ka buɗe daga waje. Wannan ba a ma taɓa tambayar kuɗinsa ba.

A Jega fam ɗin mai ya mutu, wato abin da ke jawo fetur daga tanki zuwa inji. Bakaniken ya ce sabo ya fi buhu, na hannu bai kai ba, amma ba ya rantsuwa a kansa. Yaya ya kira Baba, Baba ya tambaya ko akwai dabarar da za ta kai mu gida. Akwai. Bakaniken ya cika galan da fetur, ya zura tiyo a bakinsa, ya cusa tsumma a gefe, ya bi da tiyon ta tagar gefena zuwa cikin bonet. Ya ce dole galan ya fi inji tudu. A kan rufin mota ake ɗaure shi, to igiyoyinmu duka suna kan buhuna. Aka ɗora jakata a kan gwiwoyina, aka ɗora galan a kan jakar.

"Ga fam mai rai," in ji Yaya. "Wanga bai cin buhu, tuwo kawai yaka ci."

Na yi dariya a lokacin.

Ramukan hanya ne suka riƙa watso man ta bakin galan, tsumman ya jiƙe ya daina tare komai. Da na gani ban yi magana ba. Na sha tambayar kaina dalili. Mace ba ta ce wa yayanta ya dubi zaninta ya jiƙe, haka na tashi. Na ce a raina saura kaɗan mu isa, in sauka in canza ba wanda ya sani. Fatar cinyata ta bar sanyi ta koma zafi kamar an shafa barkono.

Muna dab da Maiyama muka faɗa wani rami babba, tiyon ya zame daga cikin man. Motar ta yi tari, ta yi shiru, ta gangara gefen titi kusa da wasu gidaje. Yaya ya mayar da tiyon ba tare da ya kalle ni ba, ya sunkuya yana laluben wayoyinsa.

A makaranta an koya mana cewa ba ruwan fetur ne ke fara kamawa ba, tururinsa ne. Na ci wannan tambayar a jarrabawa. Wayoyin ba su fi kamu ɗaya daga gwiwata ba. Hannuwana biyu suna riƙe da galan, ƙofata ba ta buɗuwa ta ciki, tagar gefen Yaya kuma a rufe take don gilashin ya daɗe da maƙalewa.

"Yaya, kar ka haɗa."

"To tura ta za ki yi, hajiya?"

"Yaya, don Allah. Mai ne. Duk jikina mai ne."

Ya juyo da waya ɗaya a kowane hannu. Ya kalli zanin, ya kalli tabarmar ƙasa inda man ya taru. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba. A hankali ya raba hannuwansa, ya lanƙwasa waya ɗaya ya tura ta can nesa da 'yar'uwarta. Ya fita, ya zagayo, ya buɗe mini ƙofa, ya karɓi galan ya kai shi cikin gona ya ajiye. Sannan na sauko. Har yau in na ji ƙarar ashana sai na duba zanina.

Wata dattijuwa ce ta leƙo daga gidan da ke kusa. Tun kafin in iso ƙofa ta toshe hanci.

"Mi as same ki, ɗiyata? Tsaya nan, kar ki shigo!" Ta juya ciki ta ɗaga wa wata yarinya mai girki murya. "Ke, kashe wutar ga! Zuba mata ruwa, tuwon ya jira!"

Na tsaya a bakin zaure ina jin ruwa yana cin garwashi. Sai da hayaƙin ya lafa ta ja ni bayan ɗaki, ta tuɓe ni kamar yarinya, ta jefa kayana can bayan katanga. Ta wanke ni da sabulun wanki, ta zuba ruwa, ta shinshina wuyana da hannuwana, ta ce da saura, ta sake. Fatar cinyata ta yi ja amma ba ta saɓule ba.

Ta bayan katanga ina jin Yaya a waya da Baba. "A'a, Baba, ba ni tayar da ita. Ko buhu nawa ne. Da fam ɗin, da makullin, da ƙofar." Ya saurari amsar Baba. "To a sai da su da araha."

Dattijuwar ta ɗaura mini zaninta, ta ba ni wata riga da ta yi mini yawa. Ana kiran la'asar ta sake kai hancinta kaina, ta daɗe tana shinshinawa.

"Ba sauran wari," ta ce. "Kin tsira, ɗiyata. Ko bakin murhu kika zamna yanzu ba abin da ka samunki."

Ta ce a sake hura wutar. Na zauna can ƙarshen tsakar gidan, kusa da randa.