Kyamarar Ƙofar Gidanmu a Umbadda

Shekara tara na yi ina ɗaura wa mutane kyamara a bango, daga shagunan kasuwar Suk al-Shabi har gidajen manya masu bene, kuma ban taɓa ƙyale yaron wani ya shigar da wayar wuta ta saman akwatin haɗa wayoyin kyamara a gabana ba. Nakan yi faɗa a kan wannan har a ce na cika zafi. Waya ta ƙasa take shiga. Kafin ta shiga ma sai ka lanƙwasa ta ƙasa kaɗan, yadda in ruwan sama ya biyo ta zai ɗiga ƙasa. Sannan ka bar ɗan huji a gindin akwatin saboda abin da ya yi nasarar shiga ya samu hanyar fita. Na san duk wannan kamar yadda na san hanyar gidanmu, amma a gidanmun na yi aikin banza.

Mahaifina ya haura tamanin lokacin, yana zaune shi kaɗai a unguwar Umbadda tun bayan rasuwar mahaifiyarmu. Kunnensa ya yi nauyi, kuma ya tsani wayar hannu. Na saya masa biyu, duka ya kyautar. Ni ina unguwar Alsahafa da iyalina, kogi a tsakaninmu. Da na gaji da roƙon ya dawo wurina, sai na zo wata Juma'a da kyamara mai layin waya a ciki, da batir, da ɗan farantin sola, na ce aƙalla in riƙa ganinsa.

Na so in ɗaura ta a saman katanga ta kalli tsakar gida. Ya tsaya a gindin tsani yana kallona.

"Ya waladi, ɗana, daga can me take gani?"

"Hosh ɗinka, Baba. Tsakar gidan duka."

"Da na makwabta?"

Katangun unguwarmu gajeru ne, kuma da zafi matan makwabta a waje suke shimfiɗa. Na ce ɗan gefe ne kawai zai shiga. Ya ce ko ɗan yatsa bai yarda ba, shekara arba'in bai leƙa gidan kowa ba, ba zai ajiye ƙarfe ya leƙa masa ba. In ina so, in juya ta waje ta kalli bakin ƙofa, kuma in sunkuyar da kanta.

Raina ya ɓaci. Na riga na huda bango, na riga na yanka waya daidai wurin farko, yanzu ta gaza. Maimakon in koma kasuwa in sayo wata, sai na ja akwatin sama, na cusa wayar ta kansa a miƙe. Na ɗauko ɗanƙon silikon na tsiyaya ko'ina, har gindin, ina ce wa kaina ai guguwar ƙurar nan ta habub ce abin tsoro a garin nan, ruwa kwana nawa yake yi. Na ce kafin damina zan dawo in gyara. Na sauko ina huci, shi kuwa ya miƙo mini shayi ya ce, "Kwayyis. Haka ya fi."

Kafin damina yaƙi ya ɓarke, aka rufe gadoji.

Sau biyu na gwada tsallakawa. Na farko aka mayar da mu tun kafin mu hango ruwa. Na biyu aka sauke mu daga mota, aka zaunar da mu a rana har la'asar, kuma ba duka aka bari muka tafi ba. Matata ta riƙe rigata ta ce in na sake fita in tafi da yaran. Makwabcin Baba da nake kira a waya ya kwashe iyalinsa ya bar gari. Sauran lambobin suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Kyamarar nan kaɗai ta rage mini.

Ba kullum layi ke zuwa ba. In ya zo, nakan ga dakalin ƙofa da rabin titi. Bayan hantsi Baba zai fito da buta ya yayyafa ruwa a bakin ƙofa kamar yadda ya saba, ya ɗaga kai ya kalli abin da ya ƙi jini, ya ɗan ɗaga hannu. Wannan ya ishe ni in ci abinci ranar. Na ga ya rame. Na ga ya fara dafa bango. Babu abin da zan iya yi sai kallo, amma ina kallon.

Ruwan farko ya sauka, washegari gefen hoton ya yi hazo. Nan take na gane. Ruwa yana bin wayar nan miƙaƙƙiya yana shiga akwati, silikon ɗin da na zuba da hannuna ya hana shi fita, rana tana dafa shi, tururin yana bin cikin bututun wayar har bayan gilashin kyamarar. Ƙusa guda ce maganinsa. A huda gindin akwatin, shi ke nan, aikin minti ɗaya. Na zauna a Alsahafa da akwatin kayan aikina cike da ƙusoshi ina zagin kaina. Na yi kuka a banɗaki don kada yara su gani.

Kowane ruwa sai hazon ya ƙaru. Fuska ta ɓace, saura farar jallabiya. Daga baya ita ma ta koma wani fari-fari da ke motsi cikin toka. Kwana uku ban ga ko shi ba, na ce layi ne, ko kuwa ina buɗewa bayan ya koma ciki.

Rana ta huɗu, wajen azahar, na ga ƙofa a buɗe. Inuwoyi huɗu suka fito ɗauke da wani abu mai tsawo a kafaɗa. Siffar angarib ce, gadon igiyar da muke kwana a kai. A wajenmu a kansa ake ɗaukar gawa. Amma a kwanakin nan ɓarayi suna shiga gidajen da suka ga babu ƙarfi, suna kwashe komai har gadaje. Na goge fuskar wayata da riga kamar a nan dattin yake. Suka fita daga inda kyamara ke gani.

Matata ta ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Ɓarayi ne. Sun ɗauke wa tsoho gado."

Ta kalle ni. Na riƙe maganar nan da ƙarfi, domin in ɓarayi ne to Baba yana ciki da ransa, a kan tabarma. Bayan kowace salla nakan kai ƙarar mutanen nan huɗu wurin Allah. Na roƙa musu karayar hannu, na roƙa kada su ga alheri a kan 'ya'yansu. Ban rage komai ba, bakina kuwa ya iya.

Bayan sati uku wani direba da ya samu tsallakowa ya kawo mini saƙo daga limamin unguwar. Baba ya rasu a kan sallayarsa. Tsofaffi huɗu da suka rage a layinmu su suka yi masa wanka, suka ɗauke shi a ƙafa har maƙabarta ana harbi, ɗaya daga cikinsu ma da ciwon ƙafa. Liman ya ce in yi musu addu'a, domin ranar babu wanda ya yarda ya fito sai su.