Babaji Mai Amsa Sunan Wansa

A Ƙofar Guga duk wanda ya ce maka bai san Babaji mai wanki ba, to jiya ya sauka a tasha, don a da shanyarsa tun daga Jibiya ake hango ta. Babaji ɗan Gwaggona ne, taubashina, saboda haka ina da izinin faɗin gaskiya a kansa har da ɗan ƙari. Gajere ne, faɗinsa ya ɗan ɗara tsawonsa, kuma Allah ya yi masa nauyin baki. In ka gaishe shi da hantsi, sai ka yi azahar amsar za ta iso ka.

Wansa Mudassir kuwa kamar ba ciki ɗaya suka fito ba. Dogo ne, fari, baki kamar rediyo. Shi ya samo kwangilar wanke zannuwan gado na wani asibitin gwamnati a cikin gari. Shi ke shiga ofis, shi ke sa hannu da ajaminsa mai doguwar jela, shi ke sa ma'aikata dariya. Babaji na can kangon bayan gida, hannu cikin kumfa har gwiwar hannu. Asibitin ba su ma san an halicci wani Babaji ba.

Zazzaɓi ne ya kwantar da Mudassir, a wannan asibitin dai, bai daɗe ba ya cika. Ana cikin zaman makoki, tabarmi ba a naɗe ba, sai ga motar asibiti ta tsaya da ƙunsunan wanki. Masinjan sabo ne, wani Sada, bai san kowa ba. Ya leƙo zaure ya ce, "Salamu alaikum, Malam Mudassir?"

Babaji ya ce, "Na'am."

Nufinsa ya ce na'am, nan ne gidan, amma mai sunan ya riga mu gidan gaskiya. Kafin sauran maganar ta taso daga cikinsa ta iso baki, Sada ya sauke kaya, ya miƙo masa biro, direba ya tada mota. Babaji ya dubi ƙunsunan. Marasa lafiya na can suna jiran abin shimfiɗa, marayun Mudassir na cikin gida suna jiran tuwo. Ya zana sa hannun wansa yadda ya saba gani, har da jelar. Ya ce a ransa gobe zai je ya yi bayani.

Goben nan ta yi shekaru. Waɗanda suka san Mudassir a asibitin, wasu aka yi musu canjin wurin aiki, wasu suka yi ritaya, wanda ya rage kuma ya kau da kai. Sababbin zuwa suka tashi da sanin cewa Malam Mudassir wani gajere ne mara magana.

Abin da bai taɓa faɗa wa kowa ba sai da tafiya ta yi nisa shi ne wannan: zanin da wansa ya cika a kai yana cikin ƙunshin farko. Dole yana ciki, don daga ɗakin maza aka kwaso su. Wanne ne, bai sani ba. Duk farare ne, duk da tambari iri ɗaya a gefe. Ya wanke shi, ya goge, ya mayar, kuma zanin ya ci gaba da zuwa yana komawa cikin 'yan'uwansa. Don haka kowane zani Babaji ya ɗaga, sai ya yi bisimilla a hankali, ya juya shi kamar mai wankan gawa. Ba ya bugawa da ƙarfi. Ba ya takawa.

Da rana tsaka, in ya cika igiyoyi da shanya, kangon ya koma fari fat, iska ta shigo ta kumbura zannuwan ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga kamar wani dogo yana ratsawa tsakaninsu yana duba aikin. Ba ya gudu. Yakan sunkuyar da kai ya ƙara ɗauraya. Sannu a hankali ya fara tari irin na Mudassir, ya fara karkata hula irin tasa. Matar marigayin ta taɓa jin takunsa a soro ta saki kwanon da ke hannunta.

Ga kuma Gwaggo. Mudassir ɗan farinta ne, saboda haka ko da yana raye ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai "yaron nan". Amma duk ranar da Sada ya ƙwala sallama a ƙofar gida, sai ka ga ta dakatar da jan carbi tana saurare har ya gama faɗin sunan. Sannan ta ce, "Babaji, ana sallama da yaron nan. Tashi ka amsa." To wa zai je ya hana a kira?

Ana nan sai aka kawo sabon shugaba a asibitin, Alhaji Atiku, mutumin da ko ƙuda ya shigo ofishinsa sai ya tambaye shi takardar izini. Ya sa aka zazzage tsofaffin fayiloli, aka ce kowane ɗan kwangila ya zo a gan shi ido da ido. Aka ɗaga hoton Mudassir, aka dubi wanda ke kawo wanki, aka sake ɗaga hoton. Kwamiti ya yanke cewa Mudassir ya sayar da aikin ga wani ya koma gefe yana hutawa.

Sada ne ya kawo labarin, yana ta share zufa. Shi kam ya daɗe da gano gaskiya, unguwa ba ta ɓoye mamaci, amma bakinsa alaikum.

"Malam, an ce ranar Talata mai kwangila shi zo da ƙafarshi. In bai zo ba za a soke bisa laifi, a manna sunanshi a bakin ƙofar asibiti cikin waɗanda gwamnati ba ta ƙara hulɗa da su."

"Sunan wa?"

"Sunan Mudassir mana. Naka wa ya san shi? Ni dai shawarata, ka tsaya kai da fata ka ce kai ne. Ka ce tsufa ne ya taƙaita ka."

"Farin fatarshi fa?"

"Ka ce hayaƙin gawayin guga ne. Ai hoton ya tsufa, ni kaina na ga ya fara kama da kawuna."

Babaji bai yi dariya ba. Ya tuna jerin sunayen nan da ake mannawa a bakin ƙofa, na waɗanda suka karɓi aiki suka gudu, da masu kawo ruɓaɓɓen wake. Duk mai shiga dubiya sai ya tsaya ya karanta. Mudassir da bai taɓa mayar da zani da tabo ba, a jera shi nan, yana kwance ba bakin kare kansa.

Ranar Talata ya sa farar riga ya tafi. Ɗakin taron sanyi kamar cikin randa. Alhaji Atiku na tsakiya, mutum biyu a gefensa, hoton na kan tebur yana kallon rufi.

Alhaji Atiku ya ce, "Malam, ba mu kira ka don mu ci mutuncinka ba. Hukuma ba ta soke kwangila don ra'ayi. Sai in aiki ya lalace, ko an saɓa lokaci an yi gargaɗi ba a ji ba, ko an miƙa aikin ga wani ba da izini ba, ko an yi mana ƙarya. Aikinku ba mu da ta cewa, zannuwanku har ido suke kashewa. Tambaya ɗaya ce. Kai ne Mudassir?"

Shekara da shekaru ana kiransa da sunan yana amsawa, amma ba a taɓa tambayarsa ba. Labulen tagar ɗakin fari ne, na'urar sanyi na kaɗa shi, yana kumbura yana lafawa. Babaji ya kalle shi har na gefen Alhaji ya fara ƙwanƙwasa biro a tebur.

"Ranka shi daɗe, Mudassir shina Ɗanmarna."

"Aiki yake yi a can?"

"Kwance yake. Ni na sa shi a rami da hannuna."

Wani ya ce innalillahi a ƙasan maƙoshi. Alhaji Atiku ya kifa hoton a hankali.

Daga nan bakin Babaji ya buɗe, abin da ko a ranar aurensa bai faru ba. Ya ce bai sayar ba, bai ba kowa ba, shi ne ya ɗauka ba a ba shi ba. Sa hannun nan duk nasa ne. In akwai sunan da za a manna a ƙofa, ga nasa, Babaji, a rubuta da manyan baƙaƙe, in takarda ba ta isa ba zai sayo.

Alhaji Atiku ya ce, "Ba mu da kwangila da kai, Malam Babaji, balle mu soke ta. Shi kuma ba a tuhumar mamaci da saɓa sharaɗi. Tasa ta ƙare ranar da ya cika, haka za mu rubuta. Maganar sa hannu laifi ce, ba zan ce maka ba laifi ba ce, kuma saboda ita aikin nan ya bar gidanku ke nan. Sauran zan kai gaba in faɗi abin da na gani."

"Ba za a manna shi ba?"

"Ba za a manna shi ba."

Babaji ya fito ba aiki, ya tako har gida bai hau komai ba.

To, ka san asibiti da ɗaukar magana. Kafin la'asar labari ya zaga ɗakuna cewa Malam Mudassir mai wanki ya rasu. Ba wanda ya tsaya jin yaushe. Washegari sai ga su a mota guda, masu shara da masu gadi da ma'aikatan jinya, sun zo gaisuwa. Wata dattijuwa mai shara, Saudatu, ita ce gaba tana sharar hawaye. Ta sa kai zaure ta ga mamacin zaune a kan tabarma yana shan koko. Ihun da ta yi, an ce har GRA karnuka sun amsa. Takalminta ɗaya har yau yana gidan.

Da Sada ya gama yi musu bayani, aka yi cirko-cirko, an rasa ko dariya za a yi ko komawa. Sai muryar Gwaggo ta fito daga cikin gida.

"Ku shimfiɗa masu tabarmi. Gaisuwa suka zo."

Aka shimfiɗa. Suka zauna, mai gadi ya ɗaga hannu aka yi addu'a. Sannan suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya gaban mutumin da suka sani da Mudassir, suna cewa, "Allah shi jiƙan Malam Mudassir. Ya ƙarin haƙuri?"

Babaji ya amsa na farko, ya amsa na biyu. A na uku murya ta ƙi. A wancan makokin bai samu ya yi kuka ba, wanki na jiƙe a baho yana jiransa. Yanzu ba abin da ke jiransa. Ya sa fuska cikin hannayen nan nasa da sabulu ya cinye, kafaɗunsa na rawa, maƙwabta suka fara leƙowa suna tambaya wa ya rasu.