Abin da Hannu Yake Nema

Shekara ashirin da shida Mama Afiniki ta yi tana goge ƙasa a ɗakin maza na asibitinmu a Kafanchan. Ba ta yi makarantar nas ba, amma babu sabuwar nas da ba ta sha faɗanta ba, ni ma na sha nawa. Gajeruwa ce, ga baki, kullum tana waƙar coci ƙasa-ƙasa, rabi da Hausa rabi da yarensu na Kagoma.

Watana biyu da fara aiki aka kawo Baba Azariya, wani manomi daga Godogodo. An yi masa aiki a ciki, zazzaɓi ya juya masa kai, sau uku yana fizge robar ƙarin ruwa. In ya ci gaba, babu ta inda magani zai shiga jikinsa. Ƙa'ida ta yarda a ɗaure hannun irin wannan majinyaci, amma sai dabara ta ƙare, likita ya sa hannu, an sanar da iyali, kuma ana dubawa a kai a kai. Likita ya sa hannu, na ɗauko bandeji.

Mama Afiniki ta dire bokitinta.

"Sista Rosemary, za ki ɗaure shi kaman akuya? Masu garkuwa sun riƙe mutumin nan sati uku a daji da igiya. Duba wuyan hannun."

Na duba, ga tabon nan. Na ce, "To Mama, in ya sake cirewa fa?"

"Kalli hannun tukuna. Me yana nema?"

Na kalla. Ashe yatsun ba robar suke bi ba, murzawa suke yi kamar mai ɓare wani abu. Ta fita bakin get ta dawo da gyaɗa mai ɓawo a kwano, ta ɗora masa a cinya. Baba ya hau ɓarewa, matarsa na kwashe ƙwayar don kada ya kai baki. Kwana biyu yana wannan aiki, har da mita wai an bar masa shi kaɗai. Bai ƙara taɓa robar ba, na mayar da bandejina.

Ba kullum dabararta take ci ba. Akwai waɗanda dole aka ɗaure, sai ka ga ta zauna kusa tana shafa musu mai a wuyan hannu, tana tuna mana lokacin kwancewa tun kafin ya yi.

Bara, bayan ta yi ritaya, taifod ya kayar da ita, aka kawo ta ɗakin mata, inda nake aiki a lokacin, ba ta gane kowa. Ita ma ta shiga fizge roba. Wata sabuwar nas, Joanna, ta zo da takardar ɗauri. Na ce ta dakata, na ruga na sayo gyaɗa, ina ji da kaina. Mama ta ture kwanon ya watse a ƙasa. Kunya ta kama ni sosai. Gyaɗar na koya a wurinta, ban koyi kallon ba.

Na zauna na kalli hannuwan. Murɗawa suke yi, suna matsewa. Na jiƙa sabon tawul na damƙa mata. Ta matse shi tas, ta lalubo ƙarfen gado ta hau gogewa, ido a rufe. Joanna ta ninke takardar ta sa a aljihu.

Mama ta ce, "Wa ya bar wurin nan haka?"

"Ni ce, Mama."

"Ai na sani."