Kaka a bangon makaranta

Jama'a, yau Kaka ta tsawata wa diraktan makarantarmu a gaban kowa!

Laifina ne. Muse Sani mai koya mana haɗa widiyo ya ce kowa ya ɗauko sana'ar garinsu, za a zaɓi ɗaya a kai gasa. Na ɗauko gonarmu ta zogale a Jiratawa, na manta ban yanke ƙarshen ba.

Aka haska a bangon aji, dirakta na zaune a gaba. Kwatsam sai fuskar Kaka ta cika bangon! "Kai, ɗan nema, ɗage ƙafarka daga shukata!"

Wallahi dirakta ya ɗage ƙafa ba shiri! Aji ya kece da dariya.

Muse ya ce, "Habu, wa ya koya maka kusanto da fuska haka?"

Na ce, "Ita ta matso, Muse, da sanda!"

Nawa aka zaɓa. Dirakta ya ce kar a yanke komai.