Gulsanam Mai Ɗaurin Jarirai

A unguwarsu da ke birnin Margilan, in jariri ya yi kwana arba'in, Gulsanam ake kira ta kwantar da shi a beshik, gadon katakon da ake ɗaure jariri a ciki tamau da majanyi don gaɓoɓinsa su miƙe. Shekara talatin tana wannan aiki, ana sallamarta da gurasa da ɗankwali.

Abu ɗaya ke ɓata mata suna, ɗanta Ravshan. Ƙato ne da gemunsa, amma in ya yi atishawa mai ƙarfi sai kafaɗarsa ta goce. Ran nan a wurin walima ya miƙa hannu zai ɗebi shinkafa, gwiwar hannun ta lanƙwashe ta baya, liman ya ajiye loma ya hau salati.

"Yaya Gulsanam," in ji maƙwabciyarta Tursunoy, "naki ɗan ma kin ɗaure ya kwance. Jikata kam sai na yi shawara."

Kwana biyu shayi bai yi wa Gulsanam daɗi ba. In Tursunoy ta kira wata, shi ke nan, duk unguwa za ta bi.

Sai ta tasa Ravshan gaba har asibiti, a gyara mata shi kafin bikin ɗaurin jikar Tursunoy. Likita ta ja fatar hannunsa, fatar ta biyo kamar danƙo. Ta juyo ta ce, "Inna, ke fa? Lanƙwasa babban yatsanki mu gani."

Gulsanam ta kwantar da shi luf a tsintsiyar hannu. "Wannan ai kowa na yi, 'yar nan."

"Ba kowa ba. Gado ne. Abin da ke riƙe gaɓoɓi da fata ne ya yi muku laushi. Wa ke yi a gidanku?"

"Babana da ƙafa yake sosa ƙeya."

"To ba ɗauri ya jawo ba, ɗauri kuma ba ya gyarawa. Ɗan naki ya daina ɗaukar buhu, ya riƙa motsa jiki a hankali."

Ba ta tsaya jin sauran ba, sai gidan Tursunoy. Ta lanƙwasa yatsan nata a gaban hancin maƙwabciyar.

"Kin gani? Gado ne, aikin marigayi babana ne, ba nawa ba!"

Tursunoy ta ƙura wa yatsan ido, ta gwada nata, ya ƙi.

"To, ki zo ran Alhamis. Amma ni zan riƙe jaririyar. Ke ki ja majanyi kawai."