Kwalbar Zamzam ta Kaka

Ƙarfe goma da minti bakwai abin ya fara.

Ina dama lakar tukwane a wurin koyonmu na Dichemso, na ɗiga maganin tsinka ta. Ba ta tsinke ba. Na taɓa maganin, ba santsi. Ruwa ne zalla! Kwalbar Zamzam ta Kaka na ɗauko, tawa irinta sak, mai maganin nan da ke ƙona maƙogwaro, tana gida. Gargaɗin da na liƙa a jikinta kuwa, Kaka ba ta karanta boko.

Na hau trotro, motar haya, zuwa gidanmu a Zongo. Ga kwalbata kusa da carbin Kaka.

"Kaka, kin sha wannan?"

"Wa ya koro ki haka?"

"Don Allah, kin sha?"

"Yau Alhamis, azumi nake. Na ajiye shi sai buɗa-baki."